Butar Inna

Auta ne ya sa wa butar lantarkin mahaifiyarsa soket mai wayifai da ke haɗe da wayarsa. In wayarsa ta nuna butar na jan wuta, ya san Inna ta tashi lafiya. Da ta rasu aka ba da butar sadaka, aka kulle ɗakinta.

Wani dare wayar ta haska: soket ɗin na jan wuta. Ya kashe shi ta wayar, ya ɗauki makulli ya nufi ɗakin. Kwaɗon ƙofar ya jiƙe, da ɗumi. Tururi na fitowa ta ƙasa, da ƙamshin man zafin Inna.

Daga ciki aka yi tarin nan da ya sani.

"Auta, kai ka kashe min? Ai ruwan bai tafasa ba."