Ɗakin Da Ba Ya Jin Kira

"Auta! Waɗannan kwalayen ƙwan kuma fa? Kiwon kaji za ku fara a sito?"

Inna ce tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana kallon ɗanta kafinta yana ɓamɓare kwalaye daga bango. Matarsa, wadda yake kira Kanari saboda zaƙin muryarta, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Sitidiyo muke haɗawa, Inna. An ce kwalin ƙwai yana tare ƙara, ashe zance ne! Jiya na yi rikodin, injin markaɗen maƙwabta ya fi ni fitowa."

Kanari littattafai take karantawa a makirfo, masu larurar ido su saurara a waya. Wani kamfani ya yi mata alkawarin aiki, amma da sharaɗi: murya tas, ba kukan akuya, ba hon ɗin mota. Hayar sitidiyo kuwa ta fi ƙarfinsu. Shi ne Auta ya bugi ƙirji ya ce, "Ina ranar auren kafinta in ba yau ba?"

Sati biyu yana fama. Ya kwaso ragowar falanki daga shago ya yi bango biyu, ya cusa soson tsohuwar katifa da ƙyallayen tela a tsakani. Ƙasa ya shimfiɗa tsohon kafet ninki uku. Bakin ƙofa ya liƙe shi da robar tiyub, don a cewarsa sauti kamar ruwa ne, ko kafar allura ya samu sai ya bi. A jikin ƙofar ya sa ɗan gilashi kamar tafin hannu, wai don ya riƙa leƙen kanarinsa a keji.

Ranar gwaji ya rufe ta a ciki, ya tsaya daga waje ya taƙarƙare ya ce, "Ina son ki!" Da ta fito ta ce ba ta ji komai ba.

"Madalla, aiki ya yi kyau!"

"A'a, filis maimaita, ai ba a cinye mini haƙƙina."

Sai dai duk wayonsu sun manta abu ɗaya: ɗakin da ya hana ƙarar inji shiga ba zai bar kiran uwa ya wuce ba.

Ran Talata da hantsi, Auta yana shago, Inna tana shanya a tsakar gida sai gwiwarta mai ciwo ta ƙi ɗaukarta, ta zube ƙasa. Ta kira surukarta sau bakwai, shiru. Da ƙyar ta ja jiki ta dafa bango ta miƙe, ta leƙa gilashin nan. Me za ta gani? Kanari tana ta dariya, don ta zo wurin ban dariya a littafin. Abin ya soki Inna har zuci.

Da la'asar Auta ya dawo ya tarar da jakar Inna a ɗaure.

"Inna, lafiya? Ina zuwa haka?"

"Gidan yayarka. Na san ina da surutu, amma ban taɓa zaton za a gina ɗaki a gidan ɗana don kada a ji ni ba. Ina ƙasa ina kira, matarka tana dariya! Ko a rushe abin nan, ko in tafi."

Kanari ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo. "Wallahi Inna ban ji ba! Wallahi..."

"Bango ne kunnenki?"

Auta ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ga shi jibi ne ranar tura wa kamfani muryar gwaji. Tausayin duka biyun ya kama shi, har ya kasa haɗa ido da kowa.

Kanari ce ta shiga ta ɗauko gudumarsa, ta durƙusa gaban Inna ta ajiye.

"Aiki in ya tafi wani zai zo, Inna. Ke kuwa ba mu da wata. Ni da hannuna zan fara rushewa. Alfarma ɗaya nake roƙo: ki shiga ciki ko na minti ɗaya ne."

Inna ta ja tsaki, amma ta shiga tana ɗingishi. Suka rufe ƙofa. Auta ya buɗe murya iya ƙarfinsa, "Inna! Inna!" Kanari ta taya shi, har da buga murfin tukunya. Ta cikin gilashi Inna tana ganin bakuna suna motsi, jijiyar wuyan ɗanta ta miƙe, amma ba abin da take ji sai numfashinta.

Ta turo ƙofa a hankali.

"Ashe haka ne... 'Yar nan, na ɗauki alhakinki. Tashi, tashi mana!" Ta kamo ta ta rungume, su biyun suna kuka. Sai ta juya kan ɗanta. "Kai kuma sarkin gwaninta, da mutuwa na zo yi fa?"

"Laifina ne, Inna. Na toshe ko'ina, na manta ban bar miki ƙofa ba."

Kafin magariba ya ja wayar lantarki ya sa jan ƙwan fitila a gaban makirfo, ya kafa makunni ɗaya a gefen gadon Inna, ɗaya a tsakar gida. Tana dannawa, fitila ta kama.

Washegari Kanari tana tsakiyar karatu sai ga ja ya haska. Ta cire hedfon daga kunnenta ta fito a guje. Ga Inna a tsaye garau, rungume da bargonta mai kauri, wanda ko Auta ba ya taɓawa.

"Gwadawa na yi. Ungo, rataya a saman ƙofar nan, na ji muryarki tana ɗan fitowa. Mai markaɗe kuma na yi masa magana, ba zai tayar da inji ba sai 'yata ta gama."

Muryar gwajin ta tafi a kan lokaci, kamfani ya karɓa. Da Kanari ta tsaya kare kanta da baki, da ta rasa aikin ko ta rasa uwar. Haƙuri da ladabi suka riƙe mata duka biyun. Ku masu gina gida, ku toshe wa hayaniyar duniya kowace kafa, amma ku bar wadda kiran iyaye zai shigo.