Gabar da Mai Sulhu Ya Kwaso Gida

Duk wanda ya san Mai Sulhu lokacin da yake ganiyarsa ba zai so ya gan shi yau ba.

Ɗan kamfanin ba da shawara yake da shi a saman wani tsohon bene. Aikinsu shiga ma'aikatun da shugaba da ma'aikata ba sa ga maciji da juna, su koya musu shugabanci da zaman lafiya. Tare da shi akwai Dogo, amininsa tun ƙuruciya, da wani dattijo da suke kira Farfesa, sai ƙanwarsa Auta, wadda ta bar aiki mai kyau ta biyo yayanta don ta riƙa sauraron koken ma'aikata. Amma aiki ya ƙi zuwa. Sai su wuni suna kallon waya. Dogo kan ce su da ke koya wa mutane shugabanci, fankar ofishinsu ma ta ƙi bin umarninsu. Kowa ya yi dariya ban da Mai Sulhu. Ranar da ya ga Auta tana ɓoye yagaggen takalminta ƙarƙashin tebur, ya ji duniya ta yi masa ƙunci.

Da tsakar rana ya je wurin wani boka, a bayan wani garejin da aka daina aiki. Ɗakin ba taga. Ƙahonni rataye a bango, madubi lulluɓe da jan ƙyalle, ga wata tukunya tana tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. Ya durƙusa ya ce yana son duk inda ya buɗe baki, rigima ta mutu.

"Gaba ba ta mutuwa," in ji bokan. "Kwashe ta za ka riƙa yi. Dole kuma ta sauka wani wuri."

"A kaina?"

"Kai ba za ta taɓa ka ba."

Mai Sulhu bai ƙara tambaya ba, wannan shirun kuwa shi ne laifinsa. Bokan ya sa shi ya tofa yawu cikin tukunyar, ya kira sunayen masu zama tebur ɗaya da shi. Sannan ya tsaga masa ƙarƙashin harshe da aska, ya shafa wani baƙin gari mai ɗaci.

Aiki ya buɗe. Masana'antar da ake shirin yajin aiki, yana magana sai ka ga manaja da leburori sun rungume juna suna hawaye. Suka koma ofishi mai gilasai, kowa da motarsa, waya ba ta hutawa.

Auta aka fara taɓawa. Tana zaune sai ta juyo da muryar namiji tana zagin wani shugaban da ba ta taɓa gani ba, ta koma muryar mace tana kukan an danne mata ƙarin girma. Mai Sulhu ya gane muryoyin sarai: na mutanen da ya sasanta ne. Ya ce wa mahaifiyarsu gajiya ce, ya kuma karɓi sabon aiki.

Sai Dogo da Farfesa, waɗanda ke cin abinci kwano ɗaya, suka daina gaisawa. Wata safiya ana tsakiyar taro, kan wanda zai fara magana kawai, Dogo ya ɗauki kujerar ƙarfe ya sauke wa dattijon a ka. Farfesa bai shura ba. Da 'yan sanda za su tafi da Dogo, ya dubi Mai Sulhu ya ce, "Wallahi ban san me ya yi mini ba. Na dai ji na tsane shi."

Mai Sulhu ya ruga wurin bokan ko takalmi babu. Ya kama ƙafarsa, ya ce ya karɓe ofishin da motocin, ya dawo masa da ƙanwarsa. Bokan ya ce abin da ya sauka ya sauka, kuma tunda teburin ofis ya watse, saura teburin da yake cin abinci a gida.

Ya isa gida ya tarar da 'ya'yansa maza biyu suna kokawa a tsakar gida, babban ya shaƙe ƙaramin. Mahaifiyarsa tsohuwa ta shiga rabo, aka ture ta, kanta ya bugu da dakali. Mai Sulhu ya yi ta ihu yana roƙonsu, amma bakin da ke kashe rigimar ma'aikatu bai yi aiki a gidansa ba. Kafin la'asar tsohuwar ta cika. Maiɗakinsa ta kwashe kayanta, ta ce ko sunansa ba ta son ji.

Yau Auta tana kulle a ɗaki tana faɗa da kanta da muryoyi iri-iri. Shi kuwa yana zaune a bakin ƙofarta, lafiyarsa ƙalau kamar yadda aka yi masa alkawari, yana ji, yana gane kowace murya, yana roƙon mutuwa, amma ta ƙi zuwa.

Kai da kwaɗayi ke ja zuwa ɗakin boka, ka tsaya. In ya ce ba kai abin zai taɓa ba, to waɗanda suka yarda da kai ka sayar, kuma da idonka za ka kalle su suna biya.