Sau Ɗaya Kawai Na Kunna Ta

Wata ranar Talata ana yayyafi a garin Savusavu da ke bakin teku, Vilimaina ta shiga shagon gyaran kwamfuta rungume da laftof ɗin mahaifinta, ta naɗe ta da zani kamar jaririya. Saurayin da ke bayan tebur ya ɗago kai ya yi murmushi.

"Sannu da zuwa. Wannan ce marar lafiyar?"

Ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Peceli sunansa. Ya danna maɓalli, allon ya tsaya baƙi ƙirin, sai layin rubutu guda da ke cewa ba a ga faifan ajiya ba. Daga ciki ana jin ƙas, ƙas, ƙas. Nan take ya kashe ta.

"Tun da ta fara wannan ƙarar, sau nawa kika kunna ta?"

Kwana tara ta yi tana kunnawa safe da yamma, tana kuka tana lallashinta. Amma ya zuba mata ido, ita kuwa tun tana ƙarama in aka dube ta haka, harshenta ƙullewa yake yi.

"Sau ɗaya," ta ce.

"Madalla! To da sauran rai."

Abin da ke cikin faifan ya fi laftof ɗin kanta daraja. Mahaifinta shi ne mai magana da yawun sarkin ƙauyensu. Duk jawabin al'ada a bakinsa yake, na karɓar baƙi, na sulhu, na aure, na binne mamaci. Da ciwo ya kama shi, shekara guda ya yi yana zaunar da ita a tabarma tana ɗaukar muryarsa, don kada maganganun su bi shi kabari. Ba a kwafe su a ko'ina ba.

Peceli ya buɗe bayan laftof ɗin, ya nuna mata inda iskar teku ta ci mahaɗar faifan da tsatsa. Ya ce sai ya sa an aiko da sabuwa daga Suva, babban birnin ƙasar. Mako uku aka yi ana jira. Duk Talata in sun kawo gwaza kasuwa ita da mahaifiyarta, sai ta zame ta leƙa shagon, wai ta zo dubiya.

"Shiru-shiru ta iso," yakan ce. "Yau kalma nawa kika kawo min? Ranar nan huɗu na samu."

"Likita, ka cika surutu."

"Huɗu ne yau ma. Haba, a ƙara min gyara mana!"

Wata yamma tana kankare kwakwa saƙonsa ya shigo:

"Shiru-shiru, yau na gyara kwamfuta uku, duk ukun sunanki na kusa rubuta musu. Ki taimaki likita, shi ma ya kamu."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta: "Allah ya ba likita lafiya. Ni ma ba ni da ita."

Sau da dama ta buɗe baki za ta gaya masa gaskiyar kwana taran nan. Sai ya yi mata dariya, ta ce a ranta bari sai Talata mai zuwa.

Ranar da mahaɗar ta iso, ya haɗa faifan da babbar kwamfutarsa don ya kwafe komai. Sunayen jawaban suka fara fitowa, ta riƙe numfashi. Sai faifan ya yi wani irin gurnani, ya yi tsit. Peceli ya gwada duk dabarar da ya sani. Bai ƙara motsi ba.

Washegari ya hau jirgin ruwa ya kai shi wurin wani gwani a Suva, ya bar shi can. Da ya dawo bai ce komai ba sai, "Mu yi addu'a."

Mama Akanisi, mahaifiyarta, ta ji labari ta zauna ta yi kuka kamar ranar da mijinta ya rasu.

"Da ransa kika kai shi, a hannun yaron nan ya mutu. Sau biyu ke nan aka binne min miji."

Vilimaina ta bar laifin a kan Peceli.

Bayan wata biyu dangin Peceli suka zo neman aurenta, ɗauke da tabua, haƙorin wani babban kifin teku da a al'adarsu ba a neman aure sai da shi. Kawunta Isireli ya miƙa hannu zai karɓa, Mama ta ce daga bayansa:

"Yaya, wa zai yi jawabin karɓa? Mai jawabin ai sun shafe shi."

Peceli ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Laifina ne, Mama. Ki yafe min."

Suka koma da tabuarsu. Vilimaina tana bayan labule, hannu a baki, ba ta fito ba.

Talata uku ba ta je kasuwa ba. Abinci ya daina shiga. A ta huɗu ta tafi shagon, ta tsaya a bakin ƙofa kamar ranar farko.

"Ba sau ɗaya ba ne," ta ce. "Kwana tara ne."

"Na sani."

Ta ɗago da sauri.

"Gwanin ya buɗe shi a gabana. Allurar da ke karanta shi ta karce fuskar faifan kamar an ja ƙaya a jikin mutum. Kunnawa ɗaya ba ta yin haka. Da na sani tun farko, da ban sa masa wuta ba. Kai tsaye zan kai shi Suva, da an tsira da mafi yawa."

"Kuma ka ce laifinka ne a gaban kowa?"

"Ni baƙo ne a gidanku, Shiru-shiru. In Mama ta ƙi ni, ta ƙi baƙo. Ke kuwa ke kaɗai gare ta."

Ranar ta samu Mama tana ɓare rogo a bayan gida. Ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Mama ta ajiye wuƙar.

"Kewar ubanki ce ta sa kika yi ta kunnawa. Ni ma da na iya, da sau ɗari zan kunna. Amma kin bar ni na wulaƙanta ɗan mutane a gaban iyayensa, Vili. Wannan kam ba kewa ba ce." Ta share ido da gefen zani. "Je ki kira min kawunki. Mu ne za mu je ba da haƙuri."

Ba a jima ba saƙo ya zo daga Suva. Cikin jawabai arba'in da ɗaya, ɗaya tak aka ceto, shi ma rabi. Peceli ya rubuto mata:

"Babanki ya zaɓi wanda zai bar mana. Ba zan faɗa miki ba, ki zo ki ji da kunnenki."

Da dangin Peceli suka dawo karo na biyu, aka ɗora laftof ɗin a kan sabuwar tabarma, a gurbin da marigayin yake zama. Aka miƙa tabua. Peceli ya danna maɓalli, muryar tsohon ta cika ɗakin, a hankali, da ɗan tarinsa, tana karɓar haƙorin neman aure, tana yi wa gidaje biyu addu'a. Tana cikin cewa, "Allah ya sa 'yarmu ta zame muku..." sai ta yanke.

Kawu Isireli ya gyara murya, hawaye na bin gemunsa, ya ƙarasa da nasa kalmomin: "...ta zame muku inuwa, ku zame mata gida."

An ɗaura auren a cocin ƙauye bayan wata uku, aka ci kifi da gwaza har kowa ya ture. Sauran jawabai arba'in ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Vilimaina ta san wannan, takan tuna duk lokacin da aka yi taro dattawa suka tsaya suna lalube.

A bakin coci Peceli ya raɗa mata, "Shiru-shiru, sau nawa kike sona?"

Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Safe da yamma, Likita. Kuma ba zan ƙara rage maka lissafi ba."

Mama Akanisi ta haɗa hannayensu cikin nata ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya tun tana da amfani."