Ɗinkin Da Ido Ba Ya Gani

"Da hagu fa, Khaulat. Babanki Alhaji ya girmama Abdulhakeem ya miƙa masa hannu a gaban mutane, shi kuma ya ba shi hagu."

Hajiya Dijatu ce ke faɗa wa 'yarta, tana tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki. Khaulat ta ɗage ƙafarta daga keken. Amsar tana bakinta, amma alƙawari ya ɗaure mata harshe.

Abdulhakeem soja ne, ɗan Udubo, shekara biyu suna son juna. Wata huɗu da suka wuce ɓarɓashin bam ya same shi a bakin daga, ya datse jijiyar da ke kai ji da motsi zuwa yatsunsa na dama. Raunin ya warke, yatsun suka ƙi tashi. Mako biyu ke nan da Dakta Victoria ta yi masa tiyata, ta yanko wata jijiya daga ƙafarsa ta haɗa gaɓar da ta yanke, tana leƙe ta madubin da ke ƙara girman abu, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Ta kafa masa filasta mai tauri da ke tallafe hannun, ta naɗe da bandeji, ta ja masa kunne a gaban Khaulat: kada a kwance, kada a ja hannun, har sai mako shida. In ɗinkin ya ɓalle, da wuya a sake samun yatsun.

Khaulat tela ce, ba sai an maimaita mata abin da ɗanyen ɗinki ke nufi ba.

Amma bawan Allahn nan sai da ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa a gidansu ba. Wai shi ba za a ba shi mata don tausayi ba. Da Alhaji ya ce ya zo su gana, sai ya zumbula babbar riga ya ɓoye hannun a ciki, kamar wanda ya sato kaza. To ga abin da girman kan ya haifar.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Bubayero, ɗan ƙanin Alhaji, wanda ya daɗe yana zagayenta tana korarsa. Da idonta ta gan shi a asibiti ranar tiyatar, ya je duba wani, har ya yi wa Abdulhakeem sannu. Ya san komai sarai. Amma yanzu shi ne ke zuga Alhaji, wai haka sojoji suke, bariki ta cinye musu tarbiyya, wanda ya raina uba tun a zaure me zai yi wa 'ya a ɗaki. Alhaji kuwa ya ce magana ta ƙare.

Ta kira Abdulhakeem a waya. Ta roƙe shi ya sake ta daga rantsuwar, ya ƙi. Ta yi masa faɗa. Daga ƙarshe ya ce Bubayero ya kawo masa shawara, kuma zai bi.

"Wace shawara?"

"Ki kwantar da hankalinki, sanyin idona. Zan gyara abin da na ɓata."

Ya kashe wayar.

Washegari bayan la'asar tana yanka yadi, sai ta ji sallamar Abdulhakeem a zaure. Ta leƙa ta tagar ɗakin Hajiya, ta hango Bubayero yana fitowa daga mota, yana cusa wani farin abu a ƙarƙashin kujera.

Bandeji ne.

Nan take ta gane shawarar. An ce masa ya kwance hannun ya je ya gaisa da dama, minti ɗaya ne kawai, me zai faru. Kuma duk Azare an san musafahar Alhaji. Tsohon dillalin shanu ne, in ya kama hannunka sai ya girgiza shi har kafaɗa.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga zaure maza na zaune ba. Ranar ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta tarar da Abdulhakeem a durƙushe, gumi na tsattsafo masa, ya tallafo hannun dama da na hagu yana miƙawa, Alhaji kuma ya sauko da nasa.

"Abba, kada ka taɓa shi!"

Alhaji ya dube ta da idon da bai taɓa dubanta da shi ba.

"Khaulat, kanki ɗaya kuwa?"

Ta durƙusa, amma muryarta ba ta durƙusa ba. Ta ce za ta yi kaffarar rantsuwarta, azumi uku ba zai kashe ta ba. Ta zayyana komai, bam ɗin, tiyatar, gargaɗin likita. Ta sa hannu ta yaye hannun rigar Abdulhakeem, dogon tabon ɗinki ya bayyana, yatsun sun lanƙwashe kamar busasshen ganye.

"Wannan hannun ya bayar don mu kwana lafiya, Abba. Yau saura kaɗan ya ƙarasa shi don kada a ce ya raina ka. Shi kuma Yaya Bubayero yana asibitin ranar da aka yi aikin. Ka tambaye shi abin da ya ɓoye a mota."

Bubayero ya fara kame-kame, shi ai taimako ya yi niyya. Alhaji bai ko kalle shi ba, ya ce ya je ya ɗauko. Ya tafi yana jan ƙafa, ya dawo da filasta da bandeji, ya ajiye, ya sulale.

Alhaji ya daɗe yana kallon yatsun. Sannan ya sauko daga kujerarsa ya zauna a kan tabarma, gwiwa da gwiwa da yaron da ya kora jiya.

"Nuna mini yadda likitar ta sa shi," ya ce da 'yarsa.

Ta nuna masa. Da manyan hannayen nan nasa ya kwantar da hannun Abdulhakeem a cikin filastar a hankali, yana naɗa bandejin yana tambaya ko ya matse. Da ya gama ya ce a fito da mota yanzu a kai shi likita ta duba, kuma magabatansa su zo ranar Juma'a.

A hanyar asibiti Abdulhakeem ya juyo daga kujerar gaba, idonsa ya yi ja.

"Ki yafe mini, masoyiyata..."

Ta kau da kai, hawaye na zuba.

"Sai likita ta ce ɗinkin bai ɓalle ba."

Dakta Victoria ta duba, ta yi masa wankin babban bargo, sannan ta ce Allah ya rufa asiri, amma yatsun sai an yi haƙuri, jijiya a hankali take tsirowa, ƙila shekara guda.

"Zan jira," in ji Khaulat. "Amma a ɗakina zan jira, inda idona zai riƙa ganin hannun. Na gama barin sa a wurin mai shi."