Dutsen Gugar Gidan Hajiya Delu

Saura kwana biyu a ɗaura auren Aminat, gidan Hajiya Delu da ke unguwar New Bell ya cika da 'yan biki. Da hantsi Hajiya ta fito da babbar rigar marigayi mijinta, farar shadda mai aska takwas, ta miƙa wa surukarta Kausar.

"Ki goge ta. Ita mijinki zai sa ranar auren ƙanwarsa."

Kausar ta karɓa da hannu biyu. Shekara guda ke nan da Abdurrahim ya auro ta, bayan ya sha fama da dangi masu cewa 'yar ofis ba ta riƙe gida. Cikin ɗoki ta jona dutsen guga, ba ta duba ƙasansa ba. Ja ɗaya ta yi, wani baƙin danƙo ya shimfiɗe daga wuyan rigar har aljihu.

Hajiya ta dubi rigar, ta ce a gaban baƙi, "Abin da ya rage mini na Alhaji ke nan. Dama an gaya mini, ban ji ba."

Da la'asar Kausar ta zauna bayan kicin da dutsen. Ta ɗumama shi, ta barbaɗa gishiri a takarda tana ta gurzawa. Inda ya ƙi fita ta murza ƙwayar parasitamol, tana sharewa da tsumma, hawaye na ɗiga. Danƙon na narkewa sai ga zaren leshi ruwan hoda mai ƙyalli. Mutum ɗaya ke da irin wannan leshin a gidan: amarya.

Abdurrahim ya dawo daga aikinsa a tashar jiragen ruwa, ta nuna masa tsumman.

"Yaya, duba. Leshin Aminat ne ya narke a kai, ta ajiye ba ta faɗa ba."

"Pardon, chérie, yi haƙuri masoyiyata. Bari a gama biki, kin san Hajiya da hawan jini."

"Ni kuma mutuncina fa?"

"Ke ma ai da kin duba," ya ce, ya jefa tsumman a shara.

Aka yi biki, Kausar na kan tukwane, mata na nuna ta da baki. Aka watse, wata ya wuce, Abdurrahim bai ce uffan ba. Kausar ba ta yi yaji ba, ba ta tona ba, sai dai ta daina tarar sa a bakin ƙofa.

Bayan wata uku Aminat ta zo ganin gida daga gidan mijinta a Sodiko, ta tarar Hajiya na nan tana yi wa Kausar gori kan rigar. Sai Aminat ta rushe da kuka.

"Inna, ni ce na ƙona leshina a kan dutsen gugar. Tsoro ya hana ni faɗa. Yaya ma ya sani, tun kafin ya shigo gida ranar na gaya masa a waya."

Hajiya ta juya ga ɗanta. "Ka sani, ka bar ni ina ɗaukar alhakin 'yar mutane?" Ta kamo hannun Kausar. "'Yata, ki yafe mini."

Kausar ta durƙusa ta ce ta yafe. Da suka shiga ɗaki Abdurrahim ya matso.

"Ni fa?"

"Hajiya ba ta sani ba. Kai kuwa sai a hankali."

Haƙuri ya wanke Kausar, ta zama 'yar gaban goshin Hajiya. Amma Abdurrahim ya daɗe yana lallashi kafin ya sake jin dariyarta. Namijin da ya san gaskiyar matarsa ya yi shiru, ya fi mai zaginta cutar da ita.