Muryar Malam Sulle

Ranar Talata da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Karaye cewa an tsinci gawar Malam Sulle a lambunsa da ke Kwanyawa, kwance a bakin rijiya, da rauni a ƙeya.

Sufeto Lukumanu na cike fayil sa'ad da maganar ta shigo. Ya ajiye biro. Bai taɓa ganin mamacin ido da ido ba, amma duk ƙasar Karaye babu muryar da ya sani kamar tasa.

Malam Sulle shi ne mai ba da labarin ban tsoro a wani shiri da ake saurara ta waya, irin wanda yaran zamani ke kira fodkas. Sunan shirin Gindin Tsamiya, duk Juma'a ake sakin sabo. Rabin farko tsohon ya kawo labarin mutanen ɓoye, ko na kasuwar da masu cin ta ba su da inuwa. Rabi na biyu sai mai shirin, wani saurayi Muttaka da ke Rogo, ya yi sharhi kan ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan da ake koya wa magana da rubutu, yana jan kunnen talakawa kada 'yan siyasa su yaudare su da muryoyin jabu. Direbobi na ji, 'yan ci-rani a Legas na ji, har Agadas ana turo gaisuwa.

Shi kuwa Sufeto, shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, 'ya'yansa biyu suna Gumel wurin kakarsu. Ɗaki ɗaya gare shi a bariki, da risho da katifa. In ya zauna cin abincin rana sai ya jingina waya a jikin kofin ruwa, Malam Sulle ya taya shi hira. Shiri ɗari da tamanin da uku, babu wanda ya wuce shi.

Da suka isa lambun shi da Kofur Jibo, sun tarar da jama'a cunkus, kowa da waya a kunne. Tsohon na kwance, guga a gefensa, kunyar albasa biyu a jiƙe, sauran a bushe. Maƙwabcin lambun ya ce ƙarfe goma ya leƙo aron fartanya ya gan shi. A cikin laimar ƙasa, bakin shinge, Sufeto ya ga sawun tayar babur, ya ɗauki hoto.

Abin da jama'a ke ji kuwa, saƙo ne da aka saka a shafin shirin da safen nan. Aka miƙa masa waya. Muryar da ya sani ce, da ɗan kakkarwar nan tata.

"Jama'a, in kun ji wani abu ya same ni, ɗana Zaharaddini ne. Ya daɗe yana so in bar masa lambun nan."

Ka san halin mutane, in bango ya tsage kowane ƙadangare sai ya sami wurin shiga. Wasu samari har sun ɗauko sanduna. Da ƙyar Kofur Jibo ya fizge Zaharaddini ya jefa shi bayan mota.

Zaharaddini magidanci ne, ya ba arba'in baya, shi ne ɗan farin mamacin. A ofis ya amsa cewa sun sha saɓani kan lambun, shi yana so tsohon ya huta, tsohon ya ƙi. Ya ce keke gare shi, ba shi da babur. Da aka kunna masa saƙon sai ya sunkuyar da kai, bai musa ba, bai amsa ba.

DPO, shugaban ofishin, ya ce wannan ai magana ta ƙare, mamaci da bakinsa ya faɗi wanda ya kashe shi. Ya ba Sufeto zuwa Alhamis ya haɗa takardu a kai mutumin kotu kan kisan kai. Aka yi jana'iza da la'asar, ɗan fari na kulle a sel, bai sallaci ubansa ba.

Sufeto ya koma ɗakinsa ya saurari saƙon ya fi sau goma. Murya dai ita ce. Amma wani abu na sukar sa kamar tsakuwa a takalmi, ya rasa ko mene ne.

Laraba da safe ya koma Kwanyawa shi kaɗai. Matar mamacin, Laure, tana takaba, don haka aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, tana daga ciki bayan labule, ƙanenta na zaune a gefe. Ya yi ta'aziyya, ya tambayi haƙuri, ta amsa da godiya. Ya fahimci babu wanda ya kunna mata saƙon, gaya mata kawai aka yi, don tausayi. Ya nemi izini, ta ce ya kunna.

Da jin kalmar farko ta fara shessheƙa. Da aka zo tsakiya sai kukan ya tsaya cak.

"Maimaita mini, ɗan nan."

Ya maimaita.

"Muryar tasa ce," in ji ta. "Amma ba shi ba ne."

"Me ya sa kika ce haka, Baba?"

"Ka ji ya kira sunan Babba. Shekara arba'in da ɗaya, Malam bai taɓa kama sunan yaron nan ba. Ɗan fari ne fa."

Sufeto ya ce mata shi ma ya san wannan kunya, amma manyansa za su ce tsoro na sa mutum ya yar da kunya. Sai ta ba shi labari. Yaron na shekara shida ya faɗa rafi da damina, ruwa na jan sa. Malam ya bi gaɓa da gudu, yana kira har muryarsa ta dushe, amma abin da yake cewa kawai shi ne, kai yaro, kai yaro. Ta ce wanda bai kira sunan ba ran da ruwa zai cinye ɗan, ba zai kira shi a gaban duniya saboda kunyar albasa ba.

Nan tsakuwar ta fita daga takalmin Sufeto. Ya tuna sau nawa tsohon ya ambaci ɗan a cikin shiri. Kullum babban wajena yake cewa.

Ya tambaye ta ko akwai abin da ya dami Malam kwanan nan. Ta ce akwai. Mako biyu da suka wuce ya je cin kasuwa Rogo, wata motar kamfe ta wuce da lasifika, ya ji kansa yana yabon wani ɗan takara da bai taɓa gani ba, yana rantsuwa cewa ya san shi tun yana yaro. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce an sa shi shaidar zur yana raye, daga baya kuma ya ce Juma'ar nan mai zuwa zai tashi a masallaci bayan sallama ya gaya wa jama'a wanda ya yi masa haka.

"Ya faɗi wane ne?"

"Ya ce wanda ya ɗauki muryar shi ya san inda ya kai ta."

Da azahar Sufeto da Kofur Jibo suka isa Rogo. Suka fara gaisawa da abokan aikinsu na can, aka haɗa su da ɗan sanda ɗaya. Shagon Muttaka na bayan tashar mota, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙara ta shiga. Tebur, makirfo biyu, kwamfuta. A ƙofa babur ne sabo, da busasshiyar laka a tayarsa. Kofur Jibo ya tsuguna wurin tayar, da hoton sawun nan na lambu a hannu, ya ɗago ya gyaɗa kai.

Muttaka saurayi ne mai fara'a da iya bakinsa. A Legas ya tashi, inda uba ke leƙowa daga bene ya ƙwala wa ɗansa kira da suna, ko na fari ne ko na auta. Bayan ya gama karatu ya dawo garin kakanninsa. Ya tarbe su da ruwan sanyi, ya ce rashin Baba Sulle rashinsa ne. Ya ce wata guda ke nan tsohon ya zo ya zauna a kujerar nan ya naɗi saƙon, ya ce a ajiye sai in wani abu ya faru.

"Yaushe ka ji labarin rasuwar?" in ji Sufeto.

"Wajen ƙarfe tara, yallaɓai. Shi ya sa na saka saƙon."

"Wa ya gaya maka?"

"Wani ne ya bugo daga Kwanyawa. Ban riƙe sunan ba."

"Ikon Allah. Shi kuwa wanda ya fara ganin gawar sai ƙarfe goma ya gan ta."

Muttaka ya ce wataƙila agogonsa ne ya rikice. Sufeto bai ja maganar ba. Ya ja kujerar da aka ce tsohon ya zauna a kai, ya zauna, ya ce shi masoyin shirin ne, ya ji duka. Ya tambaye shi shekara nawa yana naɗar Malam. Ya ce uku da rabi.

"To nemo mini wuri ɗaya, a duk shirye-shiryen nan, inda ya kira sunan ɗansa."

Saurayin ya yi dariya, ya ce ai wannan da sauƙi. Ya buɗe kwamfuta ya fara laluba. Ya kunna labarin rijiya, babban wajena. Ya kunna labarin kurar ƙauyen Fulatan, babban wajena. Minti ashirin yana dannawa, gumi na tsattsafo masa duk da fanka.

"Ba za ka samu ba," in ji Sufeto. "Shekara uku da rabi kana zaune gabansa, kunnenka na kan injin, ba ka taɓa jin mutumin ba. Ɗan fari ne. Irin su Malam ba sa kiran suna. Kai ka rubuta, na'ura ta karanta."

Ya umarce shi ya buɗe inda aka adana saƙon. Muttaka ya buɗe. Ga rubutun nan, kalma da kalma, an buga shi ranar Talata ƙarfe takwas da rabi. A samansa akwai wasu goma sha huɗu, duk yabon ɗan takara da muryar tsohon.

Daga nan bai ƙara musu ba. Ya ce mutanen ɗan takarar ne suka same shi, suka ce a ƙauyukan nan babu muryar da ake yarda da ita kamar ta Malam Sulle, suka yi masa alkawarin muƙamin mai ba da shawara kan yaɗa labarai. Ya zuba wa na'ura tsofaffin shirye-shirye ta koyi muryar. Da ya ji tsohon zai tona a masallaci, sai ya je lambu bayan asuba ya roƙe shi. Tsohon ya ce muryarsa amana ce, ba riga ba ce da za a ara. Ya juya zai ci gaba da ban-ruwa, Muttaka ya fizgo shi ta kafaɗa, santsi ya kwashe shi, ƙeyarsa ta bugi bakin rijiya.

"Wallahi ban yi niyya ba, yallaɓai."

"Fizgar ba ka yi niyya ba. Rubutun fa?"

Muttaka ya sunkuyar da kai. Da Kofur Jibo ya fito da ankwa, sai saurayin ya ɗago ya ce a hankali, tunda Sufeto masoyin shirin ne, ya sani muryar na nan cikin kwamfutar. Duk labarin da aka rubuta mata za ta karanta, duk Juma'a, har abada, ba wanda zai gane.

Sufeto ya dubi kwamfutar, ya daɗe yana duban ta fiye da yadda ya kamata. Ya tuna ɗakinsa da kofin ruwa. Sannan ya rufe ta, ya sa a buhun shaida, ya ɗaure bakin, ya rubuta lamba.

Aka fito da Muttaka ta tsakiyar tasha, direbobin da ke jin shirinsa suna kallo.

Da la'asar sakaliya suka isa Karaye. Ana shigar da Muttaka ta kanta, ana fito da Zaharaddini. Aka ba shi hularsa da takalmansa ya sa hannu. Sufeto ya raka shi har bakin titi, ya tambaye shi abin da ke ransa tun safe: shi da ya fi kowa sanin ubansa ba ya kiran sunansa, me ya hana shi faɗa?

Mutumin ya daɗe yana juya hular a hannu.

"Na sani tun jin farko, ranka ya daɗe. Amma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Da na ce ƙarya ce, da kun daina kunnawa."

Ya sa hular, ya tambayi inda ake samun motar Kwanyawa, ya ce yana so ya isa maƙabarta kafin magariba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sufeto Lukumanu ya zuba shinkafa da wake a kwano, ya jingina waya a jikin kofin ruwa. Babu sabon shiri. Ya gangara can ƙasa, ya nemo na ɗaya, ya danna. Tsohon ya yi gyaran murya, ya yi sallama, Sufeto ya amsa masa.