Feshin Gonar Suruki

Karo na uku ke nan da dangin Justin suka zo gidan Baba Matta a Likoro neman a sa ranar aure, kuma karo na uku ke nan da suka tashi cikinsu cike da tuwo, hannunsu babu rana.

Loveth, 'yar autar gidan, tana tsugune a bayan ƙofar kicin tana jin komai. Ta ji mahaifinta ya raka baƙin har zaure da muryarsa mai sanyi.

"Ku gaida gida. Yaron nan ɗana ne, ƙofata a buɗe take gare shi kullum. Amma maganar rana dai, ba yanzu ba."

Ko ƙarar babur ɗin baƙin ba ta gama ɓacewa ba ta fito tsakar gida, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, me ya yi maka? In ba ka son shi ka faɗa mini, in sani!"

"Wa ya ce ba na son shi?"

"To me ake jira? Shekara biyu fa, Baba! Mawaƙan cocinmu har sun daina tambayata, sai dai su kalle ni da tausayi."

Mahaifiyarta, Mama Talatu, ta aje tsintsiya ta sa baki. "Ni ma dai na gaji, Baban Loveth. Yaro mai ladabi, ba ya sha, ba ya yawo. Jiya-jiya kai da kanka ka aika masa da kwanon masara. Wannan wane irin abu ne?"

Baba Matta ya juya. Ya ɗauki fartanyarsa ya jingine a bango, ya shige ɗaki. Mutumin nan dattijo ne a coci, kowa ya san shi da haƙuri, amma in ya kulle bakinsa ko Fasto ba ya iya buɗe shi.

Justin ɗan Mama Irene ne, wadda iyayenta suka taso daga kudancin Kaduna suka zauna a Makarfi, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Sana'arsa feshi. Yakan goya famfonsa a baya ya bi gonaki daga Makarfi har Paki, yau maganin ciyawa, gobe maganin ƙwari, da shi yake ciyar da uwarsa. A taron mawaƙan coci suka haɗu da Loveth, ita tana rera waƙa, shi yana kiɗan da ya ɓace masa sau biyu saboda kallonta.

A al'adar mutanen Baba Matta, mai neman aure yakan ba surukinsa yini guda a gona. Da damina ta yi nisa, wake ya fara fure, Justin ya ce shi da sana'arsa zai yi tasa hidimar. Ya zo da sassafe ya feshe gonar waken da maganin ƙwari, ya ci ɗumame, ya tafi ana sa masa albarka.

Kwana huɗu bayan haka, ɓangaren gonar da ke iyaka da ta maƙwabcinsu Malam Iliyasu ya yi rawaya, ya bushe ƙurmus. Mutane suka taru ana jajantawa. A nan Justin ya ce, kowa yana ji:

"Ai ranar na ga Malam Iliyasu yana feshin ciyawa a kan iyaka. Iska ce ta kwaso maganinsa."

Magana ta zauna. Malam Iliyasu ya yi rantsuwa har ya gaji, babu wanda ya saurare shi. Mama Talatu kuwa, wadda suka shekara talatin da Zulai matar Malam Iliyasu suna musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, ta ɗauke ƙafa daga gidansu, ko a rijiya suka haɗu sai ta kau da kai.

Washegarin zuwan baƙin, Loveth ta tashi idanunta a kumbure. Baba Matta ya dube ta ya ce, "Ɗauko kwando, ki raka ni gona."

Suka kama hanya. Da suka isa, bai nufi inda ake roron wake ba, sai ya kai ta wajen da ya ƙone, wanda har yanzu yake fili fetal. Ya tsaya a kan wata kunyar gona ya nuna da sandarsa.

"Ke 'yar manomi ce. Dubi nan ki gaya mini abin da kika gani."

Loveth ta duba. Kunyoyi goma sha ɗaya sun mutu tun daga farko har ƙarshe. Ta goma sha biyu kuwa rabinta ne ya mutu. Daga tsakiyarta zuwa gaba wake ya yi 'ya'ya, kamar an sa wuƙa an yanka iyakar.

"Kin taɓa ganin iskar da take bin layi-layi, ta zo tsakiya ta tsaya cak?"

Ta sha ganin Justin yana aiki, ta san yadda yake bin layi har tankin ya ƙare, ya je ya sake cikawa. A nan tankin farko ya ƙare. Ragowar maganin ciyawa ne a cikin famfon, bai wanke ba ya zuba na ƙwari a kai. Kwandon ya suɓuce daga hannunta.

"Baba... tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ya ƙone."

"Kuma ka yi shiru? Ka bar Malam Iliyasu da baƙin jini?"

"A yammacin ranar na je na same shi. Na ce masa na san ba shi ba ne, na roƙe shi ya daure mini na ɗan lokaci. Ya ce don zaman da muka yi zai daure. Loveth, da na buɗe baki a gaban mutanen nan, wa zai sake ba yaron nan gonarsa daga nan har Paki? Uwarsa me za ta ci? Kawunnanki kuma da a ranar za su mayar masa da kayan aurensa."

"To ka yafe masa mana, Baba, tunda ka rufa masa asiri!"

Tsohon ya girgiza kai. "Waken ba ya damuna, kuskure ne, kowa yana yi. Ƙaryar ce. Yafewar tana nan a hannuna, na riƙe ta wata uku ina jira ya zo ya karɓa. Bai zo ba. Ni kuma ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da yake iya barci lafiya alhali wani yana ɗauke da laifinsa ba."

Loveth ta zauna a kan kunyar ta yi kuka mai isarta. Son Justin bai ragu a zuciyarta ko kaɗan ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ranar kasuwar Makarfi ta kira shi a waya ta ce ya same ta a gindin mangwaron da ke bayan 'yan hatsi. Ya zo da fara'arsa, har da lemon kwalba a hannu.

"Madam, yau kuma fushin na mene ne? Ko cajin wayata ne da ya ƙare jiya?"

"Justin, ranar da ka fesa wa Baba wake, ka wanke famfonka?"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya dubi ƙasa.

"Wa ya gaya miki?"

"Gonar ce ta gaya mini. Baba kuma ya sani tun ranar farko."

"Ya sani?" Ya dafa itacen. Can sai ga fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda aka sauke wa kaya. "To ai shi ke nan, Loveth! In ya sani, kuma yana ba ni abinci, yana aiko wa Mama da masara, har ya haɗa ni da masu gonaki biyu a Kudan, ai ya yafe ke nan. Maganar ta wuce!"

"Ka roƙe shi?"

"A'a, amma..."

"Ka je wurin Malam Iliyasu?"

"Haba Loveth! So kike in tona wa kaina asiri? In aka ji, sana'ata ta mutu. Wa zai aura wa mutumin da ba shi da aikin yi 'yarsa? Saboda ke na yi shiru fa, tsoron rasa ki nake yi!"

"Ga shi kuwa shirun naka ne yake raba mu." Ta dube shi cikin ido. "Ina son ka, Justin, Allah ya sani. In gari duka ya guje ka, zan zauna da kai mu sha kunu. Amma Inna Zulai ita ta yi mini wankan jarirai, yau wata uku Mama ba ta gaishe ta saboda kai. Ba zan sa farar riga in taka wannan in wuce ba."

Ta juya ta tafi, ta bar shi da lemonsa a hannu. Kwana biyar bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Abinci ya ƙi shiga, waƙa ta ƙi fita. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, ka ba shi ƙarfin zuciya, ni kuma ka ba ni haƙuri."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, Loveth tana tankaɗe a tsakar gida sai ta ji hayaniya a waje. Ta leƙa. Justin ne durƙushe a ƙofar gidan Malam Iliyasu, da rigar cocinsa, Mama Irene tana tsaye a bayansa, mutanen unguwa sun kewaye su.

"Malam, ni ne na ƙona waken," yake faɗa da ƙarfi. "Ban wanke famfona ba. Na ji tsoro, na ɗora maka. A gaban mutane na yi maka ƙarya, shi ya sa na zo a gaban mutane. Ka yafe mini don Allah."

Malam Iliyasu ya dube shi. Sannan ya ce, "Ka sa na sha baƙin ciki, yaro, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ka yi yanzu ba kowane namiji yake iyawa ba. Tashi, na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Justin bai tsaya karkaɗe gwiwarsa ba ya shigo zauren Baba Matta ya sake zubewa.

"Baba, na yi maka ɓarna, na yi maka ƙarya, na kuma ci abincinka wata uku ina ganin wayo na yi. Na ɗauka alherin da kake yi mini yana nufin ka yafe."

Baba Matta ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi a kan tabarma, idanunsa sun kawo ruwa.

"Ɗana, abin da na yi maka a wata ukun nan jinƙai ne. Na ga abin da ya cancance ka, na ji tausayinka, na hana shi sauka a kanka. Haka Allah yake yi mana kullum. Ruwan da ya zuba bana, ai bai tsallake gonar maƙaryaci ba. Yana ba mu numfashi da abinci alhali ya san abin da muka ɓoye, yana ba mu lokaci ko ma dawo. Amma mutum yana iya shekara saba'in yana cin jinƙan Allah, laifinsa yana nan a wuyansa. Gafara ita ce a ɗauke laifin ɗungum, a maido ka cikin gida a matsayin ɗa. Yesu ya riga ya biya ta a kan gicciye, kyauta ce, sai dai ba a tura wa mutum ita ta bayan katanga. Sai ya zo da bakinsa ya ce, ni ne." Ya dafa kansa. "Yau ka zo. Na gafarta maka, kuma ba za ka ƙara jin maganar waken nan a bakina ba."

Ya ɗaga murya. "Maman Loveth! A gaya wa mutanen Makarfi an sa rana, Asabar ta biyu bayan Kirsimeti."

Loveth ta saki rariyar, gari ya watse a ƙasa, ta durƙusa a inda take tana ta faɗin, "Na gode, Yesu! Na gode, Baba!" Mama Talatu kuwa ba ta tsaya guɗa ba. Ta yafa mayafi ta fita da sauri, aka jiyo ta a ƙofar maƙwabta tana kuka tana kiran, "Zulai! Zulai, fito ki yafe mini!"

Gaskiya ne, wasu manoma sun janye gonakinsu daga hannun Justin, kuma abin ya yi masa ciwo. Amma da damina ta zagayo, mutum na farko da ya aiko a kira shi feshi Malam Iliyasu ne. A safiyar ranar amarya Loveth ta tsaya a kan mijinta a bakin rijiya har ya wanke famfon sau uku, yana dariya yana cewa ai sau biyu ya isa, tana cewa bai isa ba.

Mai karatu, in ka ga ka yi laifi kuma rana tana fito maka kamar kowa, ka gode wa Allah domin jinƙansa, amma kada ka ɗauka an gama. Lokaci aka ba ka. Justin ya yi wata uku yana cin tuwo a zauren Baba Matta a matsayin baƙo, sai ranar da ya durƙusa ya ce "ni ne" aka shigar da shi cikin gida.